Kawu Musa da Anti Musa

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Kawu Musa kofin shayi a garin Isa ya san ba nan take zai kai shi baki ba. Sai ya ajiye shi a kan benci, ya tattare rigarsa, ya durƙusa har idonsa ya zo daidai da inda shayin ya tsaya a jikin gilashin, ya runtse ido ɗaya. Mai shayi yana tsaye, mutane suna jira, shi kuwa yana can ƙasa yana ƙura wa kofi ido. In ka ce, "Malam Musa, shina hucewa hwa," sai ya ce, "Bari shi huce. Ruwa ba a karanta shi daga bisa. Ido da ido aka yi da shi." Sannan ya miƙe ya sanar da mai shayi cewa na yau bai kai na jiya ba da kaurin farce.

Ku da kuka san shi kun san ban ƙara gishiri ba. Wanda bai san shi ba kuwa, yayan mahaifiyata ne. Ni ce Balki, wadda ya fi wahalarwa a duk dangi, wai don ni ya fi so. Shekara talatin ya yi a ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin mai da sabulu a Kano. Abokan aikinsa sun koma gida da mota, wasu da gidan bulo. Shi da akwatin ƙarfe ya dawo. Muka taru muna zumuɗin tsaraba, aka buɗe, sai ga kofunan gilashi masu lambobi a jiki, da dogon bututun gilashi mai ɗan famfo a gindi, kowanne an naɗe shi da tsohon zane. Mahaifiyata ta leƙa ta ce, "Yaya, ina kayan?" Ya ce, "Su na kika kallo."

Mu a nan in za mu ce e, "awo" muke cewa. To kada Allah Ya sa ka faɗa masa haka. Zai tambaye ka, "An yi ruwa Kamarawa jiya?" ka ce, "Awo," sai ya miƙo hannu ya ce, "Ina ma'aunin? Kac ce awo, ba ka auna komi ba." In ma ka auna ɗin, ba ka tsira ba, don maganarsa kullum ita ce, "Sau guda ba awo ba na." Komai sau uku. Kofi sai an ɗauraye shi sau uku, cokali sau uku, kwalba sau uku. Matarsa, Allah Ya jiƙanta, ta taɓa cewa da ruwan rijiyarsu yana da baki da ya kai ƙara.

Kun tuna sunan da aka yi a gidan Hajiya Ige, ƙawar mahaifiyata? An kawo zoɓo ja wur a cikin manyan robobi, kowa yana yabawa. Kawu ya sha, ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗan ƙullin kanwa. Gaban jama'a ya jefa a kofinsa ya motsa, ya durƙusa yana kallo. Zoɓon gaskiya in ya haɗu da kanwa rikiɗewa yake yi, ya koma baƙi-baƙi mai kore. Shi kansa Kawu da ruwan zoɓo yake gane tsami da kaifin kanwa tun da magungunan awonsa na Kano suka ƙare, don ya ce ba zai sayi abin da ke fitowa a bayan ɗakinsa ba. Wannan kuwa ko gezau, yana nan ja kamar jan baki.

"Hajiya," in ji shi, da murya har zaure, "wanga ba zoɓo ba na. Kala ta anka zuba ma ruwa da sukari."

Hajiya Ige ta fito daga ɗaki tana huci. "Kai Musa, ka ji tsoron Allah! Ba kai na nig gani ka sha kohi biyu ba?"

"Ukku," in ji Kawu. "Sau guda ba awo ba na."

Shekara biyu ba ta gaishe shi ba. Muna ba da wannan labari muna dariya, amma ni akwai makon da dariyar ta ƙare mini, shi ne nake so in ba ku yau.

Kun san 'yar masana'antata ta madarar waken suya da ke bayan gidanmu. Lokacin mata goma sha huɗu ke aiki a ciki, yawancinsu daga ƙauyukan wajen Gangara da Kamarawa, waɗanda zaman ƙauye ya gagara suka bar gonakinsu suka shigo gari. Babbarsu Inna Tumba, tsohuwa mai baki, ita ke kula da wuta. Mu jiƙa wake, mu markaɗa, mu tace, mu dafa, mu ɗura a kwalba. Masu shaguna suka fara cewa ba za su ci gaba da karɓa ba sai da lambar hukuma a jikin kwalbar. Na yi ta zarya da takardu wata takwas kafin jami'ai su yarda su zo daga Sakkwato su ga yadda muke dafuwa, su ɗauki samfuri. Kun san halin da hanyarmu take ciki saboda 'yan bindiga. Sun faɗa mini a fili cewa zuwa ɗaya za su yi, ranar Alhamis. In ba su gamsu ba, babu lamba, in babu lamba kuwa matan nan goma sha huɗu ba su da wurin zuwa da safe.

Matsalarmu kumfa ce. Madarar waken suya in ta ji wuta ba ta da mutunci. A ƙaramar tukunya kana iya lallashinta da ludayi, amma mun sa maƙera sun haɗa mana babba mai cin lita ɗari biyu, ita kuwa in ta taso sai dai ka yi ta kanka. Kumfar ta hau, ta yi tozo, ta kwararo ta kashe wuta, rumfa ta cika da hayaƙi da ƙauri. Sati biyu kafin zuwan jami'ai ta zubo wa Inna Tumba a hannu, fata ta saɓule tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Mun gwada dabarar iyaye, wato man gyaɗa. Inna takan jira sai kumfa ta taso ta kamfato ludayi guda ta watsa. Wani lokaci ta kwanta, wani lokaci ta ƙi, in ma ta kwanta sai mai ya taso a wuyan kwalba ya yi idanu, masu saye su ce ta lalace. Ina kwana ina tashi da tunanin jami'ai suna tsaye madara tana malala a ƙafafunsu.

Ranar Litinin sai ga Alhaji Jibo, maƙwabcinmu mai fatauci zuwa Maraɗi, da farar jarka a hannu.

"Hajiya Balki, wahala ta ƙare. Wanga shi manyan kamfunna ka aiki da shi can. Cokali guda, kumhwa ta mutu."

Muka ɗora ƙaramar tukunya don gwaji. Da ta taso ya ɗiga wani farin ruwa mai kauri, wallahi kafin ka ƙifta ido kumfar ta faɗa kamar an tsawata mata. Mata suka ɗauki guɗa. Ni kuwa har ƙwalla na yi.

Takardar jikin jarkar ta yage daga tsakiya zuwa ƙasa, kalma ɗaya ce ta rage da manyan baƙaƙe: ANTIMOUSSE. Alhaji Jibo ya ce Faransanci ne, maganin kumfa ke nan. Wata daga cikin matan da ta taɓa boko ta sa yatsa tana haɗawa, "An, ti, mu, sa." Sai Inna Tumba ta buga cinya da lafiyayyen hannunta.

"Anti Musa! Ashe Malam Musa na da anti Maraɗi bai gaya muna ba!"

Ana cikin shewa sai ga mai sunan ya shigo da kekensa. Aka ce masa ga antinsa ta zo gaishe shi. Bai yi dariya ba. Ya zagaya jarkar, ya buɗe ya shinshina, ya shafa a yatsa.

"Dangina dut na san su," in ji shi. "Wagga ban san ubanta ba. Jibo, mi ac ciki?"

"Man itace na, irin na ci."

"Wa yac ce?"

"Wanda yas sai man."

"Shi wa yag gaya mai?"

"Haba Malam Musa! Ka dai gani da idonka ta kashe kumhwa."

"Kananzir ma na kashe ta. In zuba maka ga hura?"

Ya ɗebi kaɗan a 'yar kwalba, bayan ya ɗauraye ta sau uku, ya juyo gare ni. Ya ce maganin kumfa iri-iri ne, akwai wanda aka yarda a sa a abinci, akwai na masu fenti da masu wankin injuna, kuma a ido duk fari ne. Ya ce zai nemo soda da sifirit irin na kemis, Laraba da safe zai auna. "Kahin nan, ko ɗigo guda kak ki sa ga abin da mutum za shi sha. Kin ji ni, Balki?"

Na ce, "Awo, Kawu." Ranar ko tsokanar ma'auni bai yi mini ba.

To ga inda na yi abin kunya. Ranar Talata yana can yana yawon kemis-kemis, ni kuwa zuciyata ta ƙi zama. Laraba awo, Alhamis jami'ai, yaushe zan gwada abin nan a babbar tukunya? Ga masu shagunan Sabon Birni suna ta aike. Na ce wa kaina ai tsohon nan ko ruwan Zamzam ka ba shi sai ya auna. Na sa aka cika tukunya, na zuba Anti Musa cokali biyar da hannuna. Dafuwa ta yi kyau irin wadda ban taɓa gani ba, ko ɗigo bai zuba ba. Muka ɗura kwalba ɗari biyu, muka jera a ƙanƙara. Na gargaɗi matan kada wadda ta faɗa. Laraba da sassafe maigidana ya kai kayan tasha aka ɗaure a motar Sabon Birni. Motoci a lokacin ba sa tashi ɗai-ɗai, sai hantsi ya yi, an sami labarin hanya lafiya, sannan su fita a jere.

Kawu ya iso da akwatinsa rana na fitowa. Ya jera kofunan gilashi uku a cikin tukunyar ruwan zafi. Na farko ya sa man gyaɗa, na biyu Anti Musa, na uku bai sa komai ba, sannan ya bi su duka da ruwan soda da sifirit daidai wa daida.

Inna Tumba ta ce, "Shi na ukkun mi a laihinai, ba ka ba shi komi ba?"

"Ɗan rakiya na. In shi ma ya canza, to kayan aikina ad da laihi, ba antina ba."

Ya yi mana bayani yana motsawa. Duk man da ake ci, na gyaɗa ne ko na ja ko na shanu, in ya dahu da soda sabulu yake zama, ya narke a ruwa. Aikin da ya yi shekara talatin ke nan. Man da ya fito daga ƙasa kuwa, dangin baƙin mai, ko kwana za a yi ana dafa shi ba ya zama sabulu.

Ina tsaye ina kallon inuwar katanga tana janyewa. Kowane minti ina jin kamar ƙarar mota. Da lokacinsa ya cika ya sauke, ya ƙara wa kowanne ruwan ɗumi, ya durƙusa. Na man gyaɗa ya narke tas, da ya girgiza shi har kumfar sabulu ya yi. Ɗan rakiya yana nan garau. Na Anti Musa kuwa ya yi dishi-dishi, ga wasu idanun mai suna yawo a sama.

"Ba man ci ba na," in ji Kawu.

Na ce, "Kawu, wataƙila kuskure na. Ai kai kac ce sau guda ba awo ba na."

Ya dube ni da jin daɗi, wai yau na yi hankali. Ya wanke kofuna sau uku-uku, a natse, ya sake ɗorawa. Ban taɓa tsanar natsuwar mutum irin ta ranar ba. Yana jira na biyu ya dahu, sai ya ɗiga Anti Musa a tsohon cokali ya kanga a wuta har ruwan ya ƙone, abin da ya rage ya kama. Baƙin hayaƙi ya tashi, da wari irin na garejin makanikai. Ya ce akwai wani irin da aka yarda da shi a abinci wanda shi ma ba ya zama sabulu, amma wannan in an ƙona shi farar toka yake bari kamar gari. Ya nuna mana cokalin, baƙi ƙirin.

"Sunanta ban sani ba," ya ce. "Abin da nis sani, ba ta ci ba ta. Abin da ban san ubanai ba kuwa ba shi shiga cikin ɗiyan mutane."

Awo na biyu ya fito kamar na farko. Matan duk sun sunkuyar da kai, Inna Tumba tana harara ta ta gefen ido. Kawu ya ɗauki kofi zai fara wankin zagaye na uku, sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Kawu, na sa ta. Jiya. Kwalba ɗari biyu, suna tasha cikin motas Sabon Birni."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ajiye kofin a hankali, ya dube ni, ya ce, "Wa ka shan madarag ga, Balki?"

"Yara," na ce. "Yara sun hi saye."

Ranar ce kaɗai a rayuwata na ga Kawu Musa ya tashi bai yi awo na uku ba. Ya haye kekensa, wanda kullum tsohuwa mai sanda take iya wuce shi, ya fita kamar an harba shi. Na kira direba a waya, babu sabis. Na yafa mayafi a karkace na tsayar da ɗan kabu-kabu, duk da haka kafin in isa tasha ya riga ni.

Na tarar motoci shida sun yi layi, injuna suna ruri, ta gaba har ta fara gangarawa titi. Tamu ce ta uku. Kawu ya jefar da keke ya tsaya a gabanta, ya dafa ta da hannu biyu, yana haki kamar ransa zai fita. Direba ya leƙo yana ihu.

"Malam Musa, kauce! An ce hanya ta yi kyau yanzu. In munka rasa ayarin ga, mu ɗai za mu bi dajin can?"

Fasinjoji suka taso masa, kuma da gaskiyarsu, don babu mai son motarsa ta zama ita kaɗai a wannan hanya. Wani ya ce a ɗauke tsohon a ajiye gefe. Motocin baya suna ta hon. Kawu ya zauna daɓas a ƙasa, ya jingina bayansa da lambar motar.

"Ku sauke kayan Balki, ko ku bi ta kaina. Ni dai na gama gudu, ƙahwahuna sun ƙi."

Na faɗa kan igiya ina kwancewa da haƙori da farce, ina kuka ina ba mutane haƙuri. Da suka ga abin na gaske ne sai maza huɗu suka taya ni, aka sauke kwandunan cikin minti kaɗan. Motar ta fizga ta cim ma 'yan uwanta kafin su sha kwana. Na tsaya ina kallonta har ta shige tsakiyarsu, sannan na zauna kusa da Kawu a cikin ƙasa.

Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Ke kin sha?"

"Kurɓi guda, don in ji ɗanɗano."

Ya duba idona, ya ce in fito da harshe. "To," in ji shi. "Sau guda ba awo ba na. Amma wanga karon kak ki ƙara."

Rami ya sa aka haƙa a bayan gida, ya ce in an zuba a kwata awaki za su sha. Ni ya sa na buɗe kwalaben nan ɗari biyu ɗaya bayan ɗaya na tuttular. Yana gefe yana ƙarasa awonsa na uku, wanda ya fito kamar sauran.

Bayan azahar na same shi na ce, "Kawu, ka hana ni guba, na gode. Amma gobe Alhamis, kumhwa tana nan inda take."

Ya sa aka kawo kwalabe shida, ya zuba ɗanyar madara daidai wa daida, yana durƙusa wa kowacce. Ta farko ɗan rakiya, ba a sa mata komai ba. Sauran ya ɗiga musu man gyaɗa da sirinji, ɗigo ɗaya, biyu, har biyar. Kowacce ya girgiza ta sau ashirin yana ƙirgawa a fili, ya dasa rula ya auna tsawon kumfa, ya duba agogo ya ga minti nawa take yi kafin ta faɗa, ya rubuta a littafi. Ya maimaita da madara mai zafi. Sau uku, ba sai na faɗa ba. Daga ɗigo uku kumfa ta daina gardama, ƙari a kan haka mai ne kawai yake tasowa. Ya yi lissafinsa ya ce babbar tukunya cokali shida take so, kuma tun kafin a hura wuta za a sa a motsa, ba sai ta taso ba. Ya ɗauki ƙusa ya ja layi a cikin tukunyar, ya ce madara kada ta wuce nan. Ya ce wa Inna da ta ga idon tafasa na farko ya fito ta zare itace biyu.

Inna Tumba ta riƙe haɓa. "Shekara talatin kana sa hwarar riga Kano, ka dawo ga man gyaɗan kakata?"

"Kakakki ta san magani," in ji Kawu. "Awo na ba ta sani ba. Ke kuma kin gado ta."

Waken da muka jiƙa na dafuwa ɗaya ne, na gobe, don haka ba mu sami gwadawa a babbar tukunya ba. A kan kwalabe shida da rula za mu tari jami'ai.

Sun iso da hantsi, mace da namiji, fuska ba wasa, suna duba agogo don su koma kafin la'asar. Macen ce babba. Ta duba farcenmu, ta duba rariya, ta leƙa har bayan rumfa, sannan ta ce a hura wuta. Kawu ya auna cokali shida da kansa. Wuta ta kama, madara ta fara motsi, idon farko ya fito, Inna ta zare itace biyu da hannunta mai bandeji.

Sai kumfa ta taso. Ta bar layin ƙusa, ta hau. Saura taƙi ɗaya ta kai baki. Saura yatsa huɗu. Jami'in ya ja da baya yana kare takalminsa. Na ji wata daga cikin matan tana salati ƙasa-ƙasa. Jarkar Anti Musa tana can lungu inda Kawu ya ɗaure bakinta da waya, kuma ba zan ɓoye muku ba, idona ya je kanta. Saura yatsa uku. Kawu ya hau kan turmi ya daidaita idonsa da bakin tukunya, tururi yana dukan fuskarsa, ya ɗaga mana hannu wai kada wanda ya motsa. Inna ta ɗauki ludayi, ya ce, "Tumba, aje shi."

A yatsa biyu ta tsaya. Ta yi rawa a nan kamar tana shawara, tsakiyarta ta lotsa, ta fara faɗawa a hankali har madara ta bayyana tana tafasa lafiya lau. Ban san lokacin da na kama hannun Inna na matse ba, sai da ta yi ƙara, ashe mai ciwon na kama.

Jami'ar ta tambayi me muke sa wa kumfa. Kawu ya miƙa mata littafinsa. Ta karanta shafi uku tana gyaɗa kai. Da ta zo ɗibar samfuri ta zuba a nata kofin awo, sai ta ajiye shi a kan tebur, ta tattare farar rigarta, ta durƙusa har idonta ya zo daidai da madarar. Kawu ya dafe ƙirji.

"Ɗiyata, wa yak koya maki?"

Karo na farko ta yi murmushi. "Haka ake karantawa, Baba."

Ya juyo ya dubi duk wanda ke rumfar ɗaya bayan ɗaya. "Kun ji? Shekara goma sha ina durƙuso garin ga ana ce man mahaukaci!"

Da za su fita ta hangi jarkar, ta karanta abin da Kawu ya rubuta a jiki da fenti: ANTI MUSA. BA A SHA. MUSA YA AUNA. Ta buɗe ta shinshina, ta dube ni ta ce da an ga ɗigon wannan a samfurinmu, da maganar lamba ta mutu har abada. Kawu bai tona ni ba, ranar ko bayanta. Alhaji Jibo ya bincika daga baya, ashe daga wurin masu haɗa fenti jarkar ta fito. Ya zo har gida ba da haƙuri, Kawu ya ce ya yafe, amma sai da ya sa shi ya ƙara ba da haƙurin sau biyu. Lambarmu ta fito bayan wata huɗu, tana nan a jikin kowace kwalba, kuma yau mu ashirin da ɗaya ne a rumfar.

Bara bayan girbi ciwo ya kwantar da shi, kwana tara kacal. Ko a gadon asibiti, da aka sa masa ƙarin ruwa, agogo ya ce a ba shi yana ƙirga ɗigon, yana gaya wa ma'aikaciyar jinya cewa nata ya fi abin da ta rubuta sauri. Ta duba, ta ga gaskiyarsa, ta gyara. Ran da zai cika na je da safe, ya kama hannuna ya ce, "Cokali nawa?" Na ce shida. Ya ce, "Kahin wuta ko bayan wuta?" Na ce kafin wuta. Ya ce, "To, madalla," ya rufe ido.

Maigidana yana cikin waɗanda suka yi masa wanka. Da suka dawo daga maƙabarta ya shigo ya zauna, ni kuma ban san abin da ya sa na tambaye shi ba, na ce, "Sau nawa kunka wanke shi?"

Ya ce, "Sau ukku."

Dariya ta kufce mini a tsakiyar gidan makoki, mata suna kallona, daga nan ta juye kukan da na kasa yi tun safe.

Allah Ka jiƙan Kawu Musa. Ya tsare cikin 'ya'yan mutane da bai san ko sunansu ba, ya rufa mini asiri ran da na cancanci tono. Ya Allah, ran da za a ɗora ayyukansa a ma'auni, Ka sa na alherin ya rinjaya tun a awon farko. Amin.